Daga Perefen Tawa zuwa Shugaban Ƙasa: Waiwaye kan Rayuwar Tanja Mamadu (1938-2020)

1. Gabatarwa

Galibin abin da aka rubuta a kan Tanja Mamadu ya tattara ne a kan shekaru goma da ya yi yana shugabancin Nijar da kuma rikicin tazarce. A cikin wannan maƙala za mu koma baya, zuwa shekarun da ya riƙe jahar Tawa. Ra'ayinmu shi ne, a can ne salon mulkinsa ya nuna, kuma salon ne ya jawo masa farin jini, shi ne kuma ya kayar da shi.

2. Soja a kujerar perefe

An haifi Tanja a Maine-Sorowa a 1938. Yana cikin hafsoshin da suka kifar da gwamnatin Jori Hamani ranar 15 ga Afrilu 1974, ya kuma zauna a majalisar ƙoli ta soja ƙarƙashin Seyni Kunce. Ya riƙe jahar Maraɗi daga 1976 zuwa 1979, ya zama ministan cikin gida, sannan aka tura shi Tawa a 1981, inda ya zauna har 1988.

Perefe na zamanin Kunce ba ma'aikacin ofis ba ne kawai. Babu jam'iyyu, babu majalisar dokoki. Umurni yana sauka daga Yamai zuwa perefe, daga shi zuwa superefe na gundumomi irin su Madawa, Buza da Keita, daga nan zuwa sarakuna da samariya da ƙungiyoyin manoma. Wannan tsani ne da talaka ya sani tun zamanin kwamandan Nasara, wanda ake bi ba a tambaya.

3. Adar da Magiya a shekarun fari

Zaman Tanja a Tawa ya faɗo cikin farin 1984. A wurare da dama ana kiran yunwar wannan shekara El-Buhari, domin ta zo daidai da rufe iyakar Najeriya da gwamnatin Janar Buhari ta yi. Ga mutanen Adar, waɗanda cin rani da fatauci suke cike musu giɓin rumbu, rufe iyaka wani fari ne a kan fari.

A wannan shekarar ce aikin raya karkara na Keita ya kankama, da kuɗin Italiya da kulawar hukumar FAO. An jera duwatsu a kan fako don tare ruwan sama, an haƙa ramukan dashe a jikin tsaunuka, an gina madatsun ruwa a bakin ƙoramu. Mata ne suka fi yawa a wurin aikin, tun da maza sun tafi bida, kuma da abinci ake biyan su. A kwarin Magiya, cikin gundumar Buza, layukan itacen bedi masu kare gonaki daga iska an fara dasa su tun 1975.

Ba Tanja ne ya ƙirƙiro waɗannan ayyuka ba, amma a ƙarƙashin ikonsa suka gudana. Darasin da ke cikinsu ga mai mulki a fili yake: ana auna shugaba da abin da ido ke gani, rijiya, madatsa, hanya, ba da muhawara ba.

4. Daga kaki zuwa babbar riga

Bayan Tawa ya yi jakadanci a Najeriya, ya dawo ministan cikin gida a 1990, shekarar da sojoji suka kashe fararen hula Abzinawa a Cin-Tabaraden, abin da ya bi sunansa har zauren taron ƙasa na 1991. A shekarar ce ya karɓi jagorancin MNSD-Nasara. Ya zo na farko a zagayen farko na zaɓen 1993, amma Mahaman Usman ya kayar da shi a zagaye na biyu. Sai a 1999 ya yi nasara a kan Mahamadu Isufu, ya sake kayar da shi a 2004. Abin lura shi ne, Isufu ɗan Adar ne, kuma jahar da Tanja ya mulka shekara bakwai ita ce ta zama cibiyar ƙarfin jam'iyyar PNDS mai adawa da shi.

Shirinsa na musamman, wato azuzuwa, ɗakunan shan magani, rijiyoyi da ƙananan madatsun ruwa a ƙauyuka, aikin perefe ne da aka faɗaɗa ga ƙasa baki ɗaya. Shi ya sa talakawa suka riƙa ce masa Baba Tanja. Amma baban da ke ciyarwa ba ya son a ce gidansa da yunwa: a 2005 ya musanta cewa ana yunwa a ƙasar.

5. Tazarce

Kalmar ta ƙetaro ne daga Najeriya, inda ta yi tashe a zamanin Abaca. Jimla ce, "ta zarce", da ta dunƙule ta zama suna. Ba ta ambaci wa'adi ba, ba ta ambaci doka ba, aiki kawai take nunawa da ake so ya ci gaba. Hujjar 2009 ke nan: a bar Baba ya ƙarasa matatar mai ta Damagaram da madatsar Kandaji. Da majalisar dokoki da kotun tsarin mulki suka tsaya masa, sai ya rusa su, ya shirya ƙuri'ar raba gardama ranar 4 ga Agusta 2009 da ta ƙara masa shekara uku. Ranar 18 ga Fabrairu 2010 sojoji ƙarƙashin Salu Jibo suka kifar da shi. An sake shi a watan Mayu 2011, ya rasu a Yamai ranar 24 ga Nuwamba 2020.

6. Kammalawa

Perefe ba shi da wa'adin da jama'a suka yanka masa, kuma babu kotun da ke ce masa a'a. Tanja ya ci zaɓe sau biyu, amma bai rabu da wannan fahimta ta mulki ba. Matan da suka ɗauki duwatsu a Keita da tsofaffin sarakunan samariya na Madawa da Buza suna tsufa. Ɗaukar bayanansu, cikin Adaranci kamar yadda suke faɗa, aiki ne da ya kamata ɗalibanmu su gaggauta.