Buhun PICS: binciken da ya jira ɗan kasuwa shekara ashirin

Duk manomin wake a Maradi, Damagaram ko Tawa ya san wannan ciwo. Da kaka wake ya yi yawa, farashi ya faɗi, ga bashi ga hidimomin gida. In ka ajiye shi kana jiran bazara, ƙwaro ya huda shi, cikin ƴan watanni ya zama gari. Kakanninmu sun riƙa gauraya shi da toka ko rairai. Daga baya maganin ƙwari ya shigo, wanda sau da dama ake zuba shi ba bisa ƙa'ida ba, har ya shiga cimaka.

Ina so in waiwayi tarihin buhun da ya sauya wannan hali, domin akwai darasi a cikinsa ga masu bincikenmu.

Labarin ya faro ne a ƙarshen shekarun 1980 a Marwa, arewacin Kamaru. Can ne Larry Murdock, masanin ƙwari na Jami'ar Purdue ta Amurka, ya yi aiki da masu binciken noma na ƙasar kan hanyoyin adana wake ba tare da guba ba. Sun gwada toka, sun gwada gasa wake da zafin rana a ƙarƙashin leda, sun kuma gwada ƙulle shi cikin leda ninki uku. Sirrin ta ƙarshen mai sauƙi ne: in an toshe iska, ƙwarin da ke cikin waken su ne za su shanye iskar da ta rage, su daina ci da haihuwa, su bushe su mutu.

Dabara ta yi aiki, amma ta yi kusan shekara ashirin ba ta yaɗu sosai ba. A ganina dalilin bai wuce wannan ba: babu masana'antar da ke yin ledar da ta dace, babu kuma ɗan kasuwar da ke kai ta ƙauye. Manomi ya ji labari, ya rasa abin saye.

Sai a 2007 aka kafa furojen PICS da kuɗin gidauniyar Bill da Melinda Gates, domin ƙasashe 10 na yammaci da tsakiyar Afirka, har da Nijar. A nan injiniya da ɗan kasuwa suka shigo. Aka tsayar da ƙira ɗaya: leda biyu masu kaurin mikron 80 a ciki, buhun saƙa a waje, kowane a ɗaure bakinsa daban. Aka ba masana'antu izinin yin sa, ciki har da Lela Agro ta Kano, aka nemi dillalai da masu shaguna. Malaman gona suka riƙa ɗaure buhu a gaban jama'a da kaka, bayan watanni a taru a kwance kowa ya gani da idonsa. Masu binciken INRAN a Maradi, irin su Ibrahim Baoua, sun auna ingancinsa a yanayinmu. Daga baya aka tabbatar yana amfani ga masara, dawa, gujiya da sauran hatsi.

Dubi inda riba ta rarrabu. Manomi ya sayar lokacin da farashi ya tashi, uwargida ta dafa wake marar guba, mai shago da masana'anta suka samu ciniki. Buhun kuma, in bai huje ba, ana sake amfani da shi fiye da shekara guda.

Da sauran aiki. Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa in mai sayarwa ya yi nisa da ƙauye, manoma kaɗan ne ke saye. Shi ya sa nake kira ga jami'o'inmu da cibiyoyin bincike: tun ranar da kuka fara gwaji, ku tambayi wa zai ƙera, wa zai kai kasuwar mako, kuma jika nawa talaka zai iya biya.