Fatsa a bakin teku da kan gada: Abin da mai koyo ya kamata ya sani

Masu zuwa hutu garuruwan gaɓar teku sukan tarar da mutane tsaye a kan yashi tun da asuba, kowa riƙe da doguwar sanda, wasu kuma jere a kan gadojin da suka miƙa cikin ruwa. Wannan ita ce fatsar teku, wadda ba ta buƙatar kwalekwale ko jirgi. Ta kasu gida biyu: wadda ake jefa ƙugiya daga kan yashi zuwa cikin raƙuman ruwa, da wadda ake zura ta daga saman gada. Wanda ya saba da fatsa a kogi ko tafki zai tarar da bambanci mai yawa, domin teku na cika yana janyewa, gishirinsa na cin ƙarfe, igiyarsa kuma tana iya tafiya da mutum.

Cika da janyewa

Abu na farko da mai koyo zai fahimta shi ne motsin teku. Jan da wata yake yi wa ruwan duniya, tare da na rana, shi ke sa teku ya cika ya kuma janye. A yawancin gaɓoɓin Tekun Atlantika hakan na faruwa sau biyu a rana, kuma tsakanin cika ɗaya da mai bi mata akwai kimanin sa'a 12 da minti 25. Saboda haka lokacin cikar yakan jinkirta da kusan minti 50 kowace rana. Cikar ta fi ƙarfi a kwanakin tsayuwar wata da kuma tsakiyarsa, lokacin da rana da wata da duniya suke kan layi ɗaya.

Kifi ya fi kiwo idan ruwa na motsi, domin motsin ne ke tono ƙaguwa da tsutsotsi daga cikin yashi. Shi ya sa ƙwararru suka fi son sa'o'i biyun da ke gabanin cikar teku da waɗanda ke bayanta, musamman idan suka dace da ketowar alfijir ko faɗuwar rana. Ana samun jadawalin cika da janyewa na kowace gaɓa a intanet da shagunan kayan su.

Karanta gaɓa

A idon baƙo duk ruwan ɗaya ne, amma a ƙarƙashinsa akwai tudu da kwari. Inda raƙuman ruwa suke fashewa su yi farin kumfa can nesa kaɗan, akwai tudun yashi. Tsakanin tudun da gaɓa akwai kwari, wanda ruwansa ya fi duhu ya kuma fi kwanciya, kuma nan kifi ke bi yana neman abinci. Haka nan akan sami wata kafa da ta ratsa tudun, wadda ruwa ke komawa teku ta cikinta. Manyan kifaye sukan yi kwanto a bakinta.

Hanya mafi sauƙi ta gane waɗannan wurare ita ce a zagaya gaɓar lokacin da teku ya janye, a lura da su, sannan a dawo idan ya fara cika. Kuskuren da masu koyo suka fi yi shi ne ƙoƙarin jifa da nisa, alhali sau da yawa kifin yana cikin kwarin farko, 'yan mitoci kaɗan daga inda suke tsaye. Tsuntsayen da ke faɗawa ruwa a wuri ɗaya su ma alama ce ta ƙananan kifaye, waɗanda manya ke biye da su.

Kayan aiki

Sandar fatsar yashi takan kai tsawon mita 3 zuwa 3.5, domin ta ɗaga zare sama da raƙuman ruwa. A kan gada kuwa sanda mai mita 2 zuwa 2.5 ta wadatar. Ana haɗa ta da na'urar naɗe zare, da zaren da zai iya jure nauyin kilo 7 zuwa 9. Dalmar da ake ɗaurawa mai siffar dala ce, domin ta nutse cikin yashi ta kafe. Nauyinta yakan kama daga giram 60 zuwa 170, gwargwadon ƙarfin igiyar ruwa. Idan dalma na gangarowa gefe, alama ce ta cewa ta yi sauƙi.

Ɗauri biyu ne suka fi yaɗuwa. A na farko dalma tana ƙasa, ƙugiyoyi biyu kuma suna sama da ita, kuma shi ya fi dacewa da ƙananan kifaye. A na biyu dalma na zamewa a jikin zare, ta yadda babban kifi zai ja koto ba tare da ya ji nauyi ba. Ƙugiya mai lanƙwasar da'ira ta fi wa mai koyo, saboda takan kama kifi a gefen baki da kanta. Ba a fizgar sanda, sai dai a naɗe zare a hankali.

Koton da ya fi karɓuwa shi ne jatan lande, da yankakken kifi irin su sardin, da naman sukwid mai tauri wanda ba ya saurin fita daga ƙugiya, da ƙananan ƙaguwoyin da ke tona rami inda ruwa ke lasar yashi. Sauran kayan sun haɗa da filaya ta cire ƙugiya, wuƙa, kula mai ƙanƙara, da bututun roba da ake kafawa a yashi a jingina sanda. Bayan kowace fita a wanke kayan da ruwa mai daɗi, in ba haka ba tsatsa za ta lalata su cikin ɗan lokaci.

A kan gada

Gada ta fi sauƙi ga mai koyo da mai iyali, domin tana kai mutum kan ruwa mai zurfi ba tare da jifa ba. Ginshiƙanta na tara ƙananan halittu masu ɓawo, su kuma su jawo kifi, don haka zura ƙugiya a gindin ginshiƙi yakan fi jifa nesa amfani. Ba a ɗago babban kifi da zare kawai. Akwai raga mai igiya da ake zurawa a ɗauko shi. Ladabin wurin shi ne a duba baya kafin jifa, kada a ƙetare zaren maƙwabci, kuma a janye nasa idan wani ya kama babban kifi.

Daga cikin sanannun gadoji akwai ta Skyway a mashigin Tampa na jihar Florida, wadda ragowar tsohuwar gadar mota ce da jirgin ruwa ya buge a 1980, aka mayar da ita wurin fatsa. Akwai ta Southend a Ingila, mai tsawon fiye da kilomita 2, da kuma ta Swakopmund a Namibiya.

Doka

Dokoki sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A Kalifoniya ba a buƙatar lasisi a kan gadojin teku na gwamnati, amma ana buƙatarsa a kan yashi. A Florida baƙo sai ya sayi lasisi, sai dai idan gadar da ya hau tana da nata wanda ya game masu hawanta. A Ingila ba a neman lasisi don fatsar kifin teku, yayin da Afirka ta Kudu da Namibiya suke wajabta takardar izini. Ko inda ba a neman lasisi, akwai ƙa'idar girman kifin da za a ɗauka da adadinsa, kuma wanda ya saɓa yana iya fuskantar tara. Matambayi ba ya ɓata: shagon kayan su mafi kusa yakan san doka da kuma irin kifin da ke cin koto a makon.

Haɗari

Babban haɗarin gaɓa shi ne igiyar da ke komawa teku ta kafar tudun yashi, wato wurin da kifi ya fi taruwa. Gudunta na iya kaiwa mita 2.5 a daƙiƙa, abin da ya fi ƙarfin gwanin ninƙaya, kuma ƙungiyar masu ceto ta Amurka ta ƙiyasta cewa tana kashe sama da mutum 100 a ƙasar kowace shekara. Gaɓoɓin Legas da Akara su ma an san su da ita. Wanda ta ja kada ya yi kokawa da ita. Ya yi iyo a gicciye, daidai da layin gaɓa, ko ya kwanta a saman ruwa ya ɗaga hannu neman taimako.

Mai fatsa ba ya juya wa teku baya, kuma ba ya shiga ruwan da ya wuce gwiwa. Duwatsun da ke jiƙe suna da santsi. Tarwaɗar teku tana da ƙayoyi masu dafi, haka ma kunamar ruwa mai ƙaya a wutsiya, don haka da filaya ake cire musu ƙugiya. Da zarar an ji tsawa kuma, a kwantar da sanda a bar gaɓar, domin doguwar sanda a fili na iya jawo aradu.