Iskar Gefe da Mutuwar Janar Laperrine a 1920

Ran 18 ga Fabrairun 1920 jiragen sojan Faransa biyu suka tashi daga Tamanrasset, a kudancin Aljeriya, da nufin ƙetare Sahara su isa Tumbutu. Har ranar ba a taɓa ƙetare hamadar ta sama ba. Jiragen samfurin Breguet ne, masu fukafukai biyu, sama da ƙasa, da wurin zaman mutum biyu kacal. Kumandan Vuillemin ne ya ja na farko. Na biyun wani matuƙi ne, Bernard, tare da makanikinsa Marcel Vaslin, sai kuma mutum na uku da ba a yi wa kujera ba: Janar Henri Laperrine, wanda ya kafa rundunonin raƙuma na Faransa a hamada. A kan cinyar makanikin ya zauna, ba ɗamara, ba komai.

Iska ta ci su sau biyu a rana ɗaya. Na farko a can sama. Fabrairu lokacin hunturu ne, ƙura ta rufe ƙasa, ba a ganin duwatsu da rijiyoyin da aka shirya bi. Iska ta riƙa tunkuɗa jiragen gefe ba su sani ba, har suka kauce wa hanya da nisa, suka kuma ɓace wa juna. Da mai ya kusa ƙarewa, dole Bernard ya nemi wurin sauka, kusa da rijiyar Anesbaraka, can arewacin Azawak, wajen iyakar Nijar da Aljeriya ta yau. Nan iska ta ci su karo na biyu. Dab da ƙasa ta karkata jirgin, ƙafafunsa suka nutse cikin rairayi mai taushi, ya kife ciki sama.

To, me ya sa irin wannan jirgi ke da saurin kifewa? Amsar tana wurin ƙafafunsa. Manyan tayoyi biyu suna gaba, can baya kuma ƙarƙashin wutsiya akwai ƴar ƙaramar taya, ko ma a jiragen wancan zamani ɗan sanda ne kawai mai jan ƙasa. Ke nan nauyin jirgin yana bayan manyan tayoyin. Ku ɗauki misalin adaidaita. In tana tafiya gaba, taya ɗaya a gaba biyu a baya, ko ta ɗan kauce tana komawa kan hanya cikin sauƙi. Amma a ce direba ya sa ta da baya a guje: kaucewa kaɗan, sai gindin ya nemi wuce kai, ta juya kamar an murza ta. Jirgi mai tayar wutsiya kullum a haka yake in yana gudu a ƙasa.

Yanzu ku ƙara iskar gefe a kai. Wutsiyar jirgi tana da faɗi a tsaye, iska ta buge ta sai hanci ya juya wajen da iskar ke fitowa. Nauyin da ke baya ya ƙara wa juyin ƙarfi. In matuƙi ya yi jinkirin daƙiƙa ɗaya ko biyu bai gyara da ƙafafunsa ba, jirgin zai kewaya a wuri guda, fuffuke ɗaya ya daki ƙasa, ƙafa ta karye. Haɗari na biyu shi ne na tsayawar tayoyi farat ɗaya, ko don rairayi ko don an danne birki da ƙarfi. Tun da ba taya a ƙarƙashin hanci, babu abin da zai tare shi, sai ya kifa da ka. Na Bernard ya haɗa duka biyun.

Matuƙan farko sun san maganin: a fuskanci iska a sauka. Shi ya sa filayen jirgi na dā suke da faɗi ta kowane ɓangare, matuƙi ya dubi hayaƙi ko tutar iska ya zaɓi inda zai shigo. Jirage uku na sojan Ingila da Coningham ya jagoranto daga Masar, waɗanda suka fara sauka Kano ran 1 ga Nuwamban 1925, su ma masu jan wutsiya ne, amma a filin dawaki suka sauka, inda ake jiransu. Bernard kuwa ba wanda ya hura masa wuta a ƙasa, ba bishiya, ba tuta. Kuma iskar da ke kaɗawa a sama ba lalle ita ce ke kaɗawa a ƙasa ba. Duk manomin Tebaram da ya taɓa sheƙar hatsi ya san sai an tsaya a wurin, an saki ƙaiƙayi, kafin a san inda iska ta dosa.

Bernard da Vaslin sun fito da ƴan raunuka. Laperrine, da ba shi da ɗamara, ya karye a kafaɗa da haƙarƙari. Sun gwada tafiya a ƙasa, suka kasa, suka dawo gindin jirgin suna shan ruwan lagireto kaɗan-kaɗan. Janar ɗin ya mutu ran 5 ga Maris. Sauran biyun sai tsakiyar watan wata tawagar sojan raƙuma, ƙarƙashin Laftana Pruvost, ta ci karo da su a hanyarta ta zuwa Agadas. Raƙumi ne ya ceci mutanen jirgi. An kai gawar Laperrine Tamanrasset aka binne ta kusa da ta Charles de Foucauld. Vuillemin shi ya tsira, ya ɓulla Menaka, ya isa Dakar a ƙarshen Maris.

Bayan yaƙin duniya na biyu masu ƙera jirage suka mai da ƙaramar tayar ƙarƙashin hanci. Cessna 172, da ya fito a 1956, asalinsa Cessna 170 ne mai tayar wutsiya. Amma tsohon tsarin bai mutu ba, don yana ɗaga farfela nesa da tsakuwa, yana kuma jure filin da ba kwalta. Yawancin jiragen feshin fara da na gona har yau haka suke, kuma irin su ne ke dacewa da ƙasa irin tamu.

Saboda haka, ƴan'uwa ɗalibai masu mafarkin tuƙin jirgi daga filin Tawa, ku riƙe wannan: ana koya wa matuƙin irin wannan jirgi ya sauke fuffuken da ke wajen iska, ya miƙe hanci da ƙafa, kada ya saki sitiyari sai jirgi ya tsaya cik. In iskar ta fi ƙarfin jirgin, ya sake tashi ya nemi wani fili tun yana da mai. Wannan zaɓin na ƙarshe shi ne Bernard ya rasa.