Asibiti ko Gida: Ina Za a Kai Mai Taɓin Hankali?

A shekara ta 1955, asibitocin masu taɓin hankali na jihohin Amurka suna riƙe da mutane fiye da 550,000. Waɗansu sun shiga da ƙuruciya, suka tsufa a ciki, danginsu suka manta da su. Da aka sami sababbin magunguna, sai aka soma sallamarsu. A 1963 Shugaba Kennedy ya sa hannu a dokar gina ƙananan asibitoci cikin garuruwa, amma kuɗi bai isa ba. Marasa lafiya da yawa suka ƙare a bakin titi ko a kurkuku. Shi ya sa waɗansu suke cewa a komo da tsohon tsari.

Amma akwai wata hanya. A 1954, a Aro kusa da Abekuta, Likita Thomas Adeoye Lambo ya sauke marasa lafiya a gidajen mutanen ƙauye, kowa tare da ɗan'uwansa. Da rana suna zuwa asibiti karɓar magani, da yamma su koma cikin jama'a.

Hakika wanda ciwonsa ya tsananta yana bukatar gado da likita, wani lokaci har watanni. Amma kada asibiti ya zama kabarin mai rai. A Markus sura 5, Yesu ya warkar da mutumin da ake ɗaurewa da sarƙa, ya kuma aike shi gida wurin mutanensa. 'Yan'uwa, idan aka sallami namu, ikkilisiyarmu za ta karɓe shi?