Kwamfuta Ta Riga Biza Tafiya

A 1983 wani Ba'amurke, Steven Roberts, ya ɗora ƙaramar kwamfuta a kan keke ya shiga zagaya Amurka, yana rubuta maƙaloli yana aikawa ta layin tarho. A 1997 Tsugio Makimoto da David Manners suka wallafa littafin Digital Nomad, suna hasashen cewa ma'aikata za su koma yawo kamar makiyaya, ofishinsu a jaka.

Fasaha ta cika alkawarinta da wuri, doka ce ta yi nawa. A yawancin ƙasashe bizar yawon buɗe ido ba ta halatta aiki, don haka aka daɗe ana wannan rayuwa a kaikaice, jami'an shige da fice suna kawar da kai. Sai a 2020, da annobar korona ta bar otal-otal wayam, tsibirin Barbados ya fito da izinin zaman shekara guda ga mai aiki daga nesa, Estoniya ma ta buɗe tata bizar a watan Agusta.

Ƙofar dai ba ta kowa ba ce. Barbados ta nemi kuɗin shiga na dala 50,000 a shekara, daga wajen ƙasar. Wanda ya haye wannan kuma sai ya riƙa ƙirga kwanakinsa, domin a ƙasashe da dama zaman kwana 183 na iya jefa baƙo cikin masu biyan haraji.