Bin sawun kakannin da suka je yaƙin duniya daga ƙasar Gumel

Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare a shekara ta 1945. Saboda haka duk wanda ya je fagen daga yana saurayi, in har yana raye, to ya kusa shekara ɗari ko ma ya haura.

A garuruwa irin su Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, kamar sauran sassan arewacin Najeriya, akwai gidajen da har yanzu ake cewa kakansu ya je yaƙin Bama ko yaƙin Hitila. Sau da yawa labarin ba ya wuce nan: babu sunan bataliya, babu shekara, wani lokaci ma babu wanda ya san inda aka binne shi.

Gano wannan tarihi abu ne mai yiwuwa. Sai dai babu wani ofishi guda da ya tara takardun waɗannan sojoji, kuma suna kaɗai ba ya kai mai bincike ga gaci. Abin da ke buɗe ƙofa shi ne lambar aikin sojan da kuma rukunin da ya yi aiki a ciki, kuma galibi a gida ake fara samunsu.

Wane yaƙi ne?

Matakin farko shi ne tantance yaƙin da ake magana a kai, domin labarin baka yakan cakuɗa su.

Mutanen arewa sun yi wa Turawan Ingila aikin soja ne a Rundunar Tsaron Iyakokin Afirka ta Yamma, wadda aka fara kafawa a 1897 a ƙarƙashin Lugard. Bayan haɗe kudu da arewa a 1914, sojojin ƙasar suka zama runduna guda ta Najeriya.

A Yaƙin Duniya na Ɗaya sun fafata da Jamusawa a Kamaru daga 1914 zuwa 1916, inda aka ci Garwa a watan Yuni na 1915, dakarun da suka ja daga a dutsen Mora kuma suka miƙa wuya a watan Fabrairu na 1916. Daga bisani aka kai wata birged ta Najeriya Afirka ta Gabas, inda ta yi asarar mutane da yawa a gumurzun Mahiwa cikin watan Oktoba na 1917.

A yaƙi na biyu kuwa, da Italiyawa aka fara. Birged ta 23 ta Najeriya ta shiga Mogadishu a watan Fabrairu na 1941, sannan ta nausa Harar a ƙasar Habasha.

A 1943 aka kafa manyan rundunoni biyu na Afirka ta Yamma, ta 81 da ta 82, domin yaƙar Japan a Bama, wato ƙasar Myanmar ta yanzu. Masana tarihi na ƙiyasta cewa kimanin sojoji 90,000 ne suka je can daga Afirka ta Yamma, fiye da rabinsu 'yan Najeriya.

Akwai kuma aikin kiyaye zaman lafiya a Kongo daga 1960 zuwa 1964, da yaƙin basasar Najeriya na 1967 zuwa 1970, wanda aka sake kiran tsofaffin sojoji da dama suka shiga. Mutum ɗaya na iya kasancewa ya yi yaƙi biyu.

A wannan yanki layin dogo na taimakawa wajen rarrabewa. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, amma reshen da ya bi ta Ringim da Gagarawa da Malam Madori sai a 1930 ya kai Nguru. Don haka idan tsofaffi suka ce a tashar Gagarawa aka yi wa mutum rakiya ya hau jirgi, to ba yaƙin farko ake nufi ba.

Ba kowa ne ya riƙe bindiga ba

Ta hannun En'e aka riƙa neman mutane: sarki ya sanar da hakimai, su kuma su sanar da dagatai. Wasu sun shiga da kansu saboda albashi ko neman suna, wasu kuwa matsa musu aka yi.

Da yawa daga cikin waɗanda aka ɗiba 'yan dako ne. A dazuzzukan kwarin Kaladan, inda mota ba ta shiga, runduna ta 81 ta dogara ne ga rukunonin sojoji masu ɗaukar harsasai da abinci a ka, tare da kayan da jiragen sama ke jeho musu. Su ma sojoji ne masu lamba, kuma sun mutu kamar yadda masu bindiga suka mutu.

Haka kuma tsakanin 1942 da 1944 an tilasta wa dubun dubatan mutanen arewa aikin haƙar kuza a Jos saboda bukatun yaƙin. Wanda aka ce an ɗauke shi lokacin yaƙi, yana yiwuwa can aka kai shi, kuma ba za a same shi a jerin sojoji ba.

Matsalar suna

Akawun soja ba ya rubuta sunan uba sai nadiran. Yakan rubuta sunan mutum ne ya haɗa da na garinsu, kuma da irin rubutun Turawa na lokacin.

Gumel a takardun mulkin mallaka Gummel ce, Haɗeja kuwa Hadeija. Audu kan koma Awudu, Garba ya koma Garuba, Muhammadu kuma ya koma Momadu ko Momo ko Mama.

Mutumin ƙauye na iya ba da sunan babban garin da Bature zai gane, ta yadda ɗan Sule Tankarkar zai bayyana a matsayin ɗan Gumel ko ma ɗan Kano. Wasu sun shiga da laƙabi ko da sunan da ba nasu ba, don kada iyaye su gano su. Bugu da ƙari, tun da Hausa ce harshen bariki, waɗanda ba Hausawa ba ma sukan ɗauki sunayen Hausa.

Sakamakon haka, mutane da dama na iya amsa suna iri ɗaya a bataliya guda. Lambar aiki ce kawai ke bambanta su.

Abin da ke cikin adaka

Kafin a nufi Kaduna ko a shiga intanet, ya kamata a duba abin da mamacin ya bari: takardar sallama, littafin biyan albashi, takardar fansho, hoto da kaki, wasiƙa ta boko ko ta ajami, da kuma lambobin yabo.

Takardar sallama ita ce mafi daraja, domin takan nuna lamba da muƙami da rukuni da ranar shiga da ta fita.

Lambobin yabon yaƙin farko na ɗauke da lambar soja da muƙaminsa da sunansa da rukuninsa, an zana su a gefe ko a baya. Na yaƙi na biyu kuwa Birtaniya ta bayar da su ne ba tare da suna ba, amma duk da haka suna nuna fagen da mutum ya je.

Tauraron Bama na da ƙyalle mai ja a tsakiya, da shuɗi mai duhu da ratsin ruwan lemo a gefe. Tauraron Afirka kuwa ƙyallensa launin rairayi ne da jan ratsi a tsakiya, kuma shi ake ba waɗanda suka yi yaƙin Somaliya da Habasha.

Sai kuma hira da 'ya'yansa da matansa da 'ya'yan abokan tafiyarsa. A tambayi muƙamin da ake kiransa da shi, ko kofur ne ko saje ko samanja. A tambayi inda ya yi horo, domin makarantar horar da kuratan soja ta Zariya tana nan tun 1924. A kuma tambayi sunayen wuraren da yake yawan ambata.

Waɗannan sunaye na da amfani ƙwarai. Wanda ke ambaton Chindit, sunan da barikin Zariya ke amsawa a yau, yana nuni ne ga Birged ta 3, mai bataliya ta 6 da ta 7 da ta 12, wadda aka kai bayan layin Japanawa a 1944.

Bataliya ta 4 tana cikin runduna ta 81 a Kaladan. Ta 1 da ta 2 da ta 3 da ta 5 da ta 9 da ta 10 kuwa suna cikin runduna ta 82 a yankin Arakan. Rundunonin biyu sun haɗu a yaƙin Myohaung cikin watan Janairu na 1945. Mai ambaton Bukavu kuwa, kamar barikin Kano, Kongo ya je.

Takardun cikin gida

An ƙirƙiri jihar Jigawa ne a 1991. A zamanin yaƙe-yaƙen biyu masarautar Gumel tana ƙarƙashin Lardin Kano, don haka a fayilolin wannan lardi ake neman abin da ya shafe ta a Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna.

A irin waɗannan fayiloli ake samun rahotannin shekara-shekara da wasiƙun da Razdan da Di'o suka yi musaya da En'e kan ɗaukar sojoji da kuma tsugunar da su bayan yaƙi. A 1945 gwamnati ta yi dokar sama wa tsofaffin sojoji aiki, kuma da yawansu sun zama 'yan doka ko masinjoji ko masu gadi ko ma'aikatan jirgin ƙasa. Takardun wannan aiki na biyu kan ambaci tarihin sojan mutum.

Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a Zariya a 1939 da Abubakar Imam a matsayin edita, ta riƙa kawo labarin yaƙin da Hausa. Arewa House da ke Kaduna na cikin wuraren da masu bincike ke zuwa domin tsofaffin jaridu da takardun arewa.

Ƙungiyar Tsofaffin Sojoji ta Najeriya, wadda aka kafa bisa doka a 1964, tana da rassa a jihohi, kuma ana iya tambaya ko mamacin ya taɓa yin rajista da ita.

Takardun Ingila

Fayil na kowane sojan da aka ɗauka a ƙasashen mulkin mallaka galibi a ƙasarsa aka bar shi. Abin da ke Gidan Adana Takardun Birtaniya a unguwar Kew ta birnin Landan ya fi shafar rukunoni.

Kundin WO 172 na ƙunshe da littattafan da kowace bataliya ke rubuta abin da ya faru kullum a Indiya da Bama, WO 95 kuma na yaƙin farko ne. Da wuya su ambaci sunan farabiti, amma suna nuna inda bataliyarsa take a kowace rana.

Kundin WO 373 na ɗauke da takardun shawarar ba da lambar jarumtaka, kuma a nan akan sami suna da lamba da bayanin abin da sojan ya yi. Cikin waɗanda tarihinsu ya fito fili akwai Samanja Chari Maigumeri, wanda ya fara aiki da Jamusawa a Kamaru, ya koma wajen Ingilishi, ya yi Habasha da Bama, aka kuma ba shi muƙamin kyaftin na girmamawa da ya yi ritaya a 1953.

Waɗanda ba su dawo ba

Hukumar Kula da Kaburburan Yaƙi ta Ƙasashen Kwamanwel, wato CWGC, na da shafin intanet da ake bincika sunayen matattu kyauta, ta suna ko lamba ko rukuni. Yana da kyau a gwada rubutun suna iri-iri, a kuma sa sunan gari a gurbin sunan mahaifi.

Sojojin da suka mutu a Bama ba a san kabarinsu ba an zana sunayensu a ginin tunawa da ke maƙabartar Taukkyan kusa da Yangon, mai sunaye kusan 27,000.

Rashin ganin suna ba ya nufin labarin gida ƙarya ne. A watan Afrilu na 2021 wani rahoton hukumar ya nuna cewa aƙalla mutane 116,000 da suka mutu a yaƙin farko, akasarinsu 'yan Afirka, ba a rubuta sunayensu a ko'ina ba, kuma adadin na iya kai wa 350,000. Sakataren tsaron Birtaniya na lokacin, Ben Wallace, ya nemi gafara a majalisa.

Bambancin ya shafi rayayyu ma. Wata takardar 1945 da aka bankaɗo a 2019 ta nuna cewa kuɗin sallamar farabiti Bature sule goma ne kan kowane watan aiki, na ɗan Afirka kuwa sule uku da sisi.

Tsallaken iyaka

Iyalai da dama a Maigatari na da dangi a Magariya da Dungas da Damagaram, don haka kakan da ake nema na iya kasancewa Faransa ya yi wa aiki. Dakarun da ake kira 'yan Sanagal sun ƙunshi mutanen duk ƙasashen Afirka ta Yamma da Faransa ke mulka, har da Nijar.

A nan sai a nemi suna da rubutun Faransanci, kamar Moussa ko Issoufou ko Mahamadou. Shafin Mémoire des hommes na ma'aikatar sojan Faransa na ɗauke da katunan waɗanda suka mutu, cibiyar takardun sojoji da ke garin Pau kuma na riƙe da fayilolin mutanen tsofaffin ƙasashen mallaka.

Takardun da ke Kaduna da Landan da Pau a adane suke, ana iya komawa gare su a kowane lokaci. Dattawan da suka ji labarin daga bakin mai shi kuwa raguwa suke yi kowace shekara. Don haka masu bincike kan fara da su, a naɗi muryarsu, a ɗauki hoton kowace takarda da lambar yabo, a kuma raba wa dangi kwafi kafin gara ko ruwan sama su riga kowa.