Ƙiftawar Bidiyo a Burauza a kan Allo Mai Sauya Saurin Sabuntawa: Nazarin Gaɓar 48 Hz

Tsakure

Maƙalar ta binciki dalilin da ke sa hasken allo ya riƙa rawa yayin kallon bidiyo a burauza, a kan allunan da ke sauya saurin sabunta hoto, wato masu VRR. Ta hanyar lissafin tsawon lokacin da kowane firem ke yi a kan allo, an gano cewa bidiyo mai firem 24 ko 25 a sakan idan aka ninka shi yana faɗawa daf da ƙarshen zangon da allon ke iya sauka, kuma a nan ƙiftawar ke tasowa. Don haka maƙalar ta yi jayayya da shawarar nan da ta yaɗu ta hana burauza amfani da katin hoto.

1.0 Gabatarwa

Allon da aka saba da shi yana sabunta hoto sau 60 a kowane sakan, ko katin hoto ya gama shirya sabon firem ko bai gama ba. Kamfanin NVIDIA ya fito da G-Sync a 2013 domin allo ya riƙa jiran katin. A 2014 ƙungiyar VESA ta sanya Adaptive-Sync cikin ƙa'idar DisplayPort 1.2a, AMD ya ɗora FreeSync a kai a 2015, sannan HDMI 2.1 ya zo da nasa VRR a 2017. Duk wannan an yi shi ne domin wasannin kwamfuta, inda yawan firem ke hawa da sauka. Bidiyo ba haka yake ba, yawan firem ɗinsa galibi a tsaye yake tun daga ɗauka. Tambayar ita ce: me ya sa abin da ke tafiya a tsaye ya fi wahalar da allon da aka ƙera domin sauyi?

2.0 Bitar Shawarwarin da Suka Gabata

Shawara ta farko, wadda ta fi kowace yawo, ita ce a shiga saitin Chrome ko Edge ko Firefox a kashe hanzartawa da katin hoto. Tana aiki sau da yawa, shi ya sa aka yarda da ita ba tare da tambaya ba. Amma yadda take aikin ne abin dubawa. Idan aka kashe, hoton burauza galibi yana komawa hannun DWM, manhajar da ke harhaɗa tagogi a Windows, sai allon ya koma sabuntawa a tsaye. Ke nan VRR aka cire daga kan burauzar a fakaice, aka biya da tsada: ƙwaƙwalwar kwamfuta ce za ta riƙa warware bidiyon VP9 da AV1 da kanta, inji ya ɗau zafi, fanka ta yi ta kuka, batir ya zube. Wanda ya sayi kati domin ya ɗauke wannan nauyi an ce masa ya ajiye katin gefe. Wannan maƙala ba ta karɓi hakan a matsayin magani ba.

Shawara ta biyu ta fi tushe. NVIDIA da kansa ya wallafa hanyar kashe MPO, tsarin da ya shigo tun Windows 8.1 wanda ke ba wa bidiyo shimfiɗa tasa daban a kan allo, ta hanyar ba wa OverlayTestMode lamba 5 a rajistar Windows. Sai dai alamar da wannan ke warkarwa daban take: allo ya yi baƙi na ɗan lokaci, ko wasu murabba'ai su ɓullo a jikin shafi. Rawar haske, musamman a wuraren da hoton ya yi duhu, ba ita ba ce. Haɗa alamomin biyu a ƙarƙashin suna ɗaya shi ya rikita masu gyara.

3.0 Hanyar Bincike

An ɗauki zangon 48 zuwa 144 Hz, wanda ake yawan samu a allunan FreeSync, aka lissafa tazarar firem ta saurin bidiyo da aka fi amfani da su, aka kwatanta da ƙa'idojin da VESA da kamfanonin biyu suka bayyana.

4.0 Sakamakon Bincike

A 144 Hz allo yana riƙe hoto na milisakan 6.94, a 48 Hz kuwa na milisakan 20.83. Ba zai iya riƙewa fiye da haka ba. Idan bidiyo ya gaza firem 48 a sakan, direban kati sai ya riƙa maimaita kowane firem sau biyu ko uku domin a dawo cikin zango. AMD ya kira wannan dabara LFC, ya kuma fitar da ita a 2015.

Ga inda matsalar take. Fim mai firem 24 idan aka ninka sau biyu ya zama 48 cif, wato a kan gaɓar kanta. Yawancin finafinan ma a 23.976 suke, ninkinsa 47.95, ya faɗi ƙasa da zango da ɗan ƙiris, dole a ninka sau uku a koma kusan 72 Hz. Burauza kuwa ba kullum take miƙa firem daidai a kan lokaci ba. Shafi yana loda talla, sauti yana neman daidaita da hoto, wani aikin yana tafiya a bayan fage. Jinkirin da bai kai milisakan ɗaya ba ya isa ya sa direba ya yi ta tsalle tsakanin 48 da 72, tsawon riƙon hoto ya riƙa sauyawa daga milisakan 20.8 zuwa 13.9.

Allo ba ya ba da haske iri ɗaya a waɗannan lokuta biyu. A allon LCD, cajin da ke riƙe da kowane ɗigon hoto yana ɗan zurarewa gwargwadon daɗewarsa kafin a sabunta shi, kuma nau'in VA ya fi nuna hakan. A allon OLED, matakan haske an daidaita su ne a kan wani sauri guda, da zarar an kauce masa sai launin toka mai duhu ya ɗan yi haske ko ya ƙara duhu. Bambancin ƙarami ne, ido ba zai lura ba idan saurin ya tsaya wuri ɗaya, ko da a 48 ne. Tsallen ne ake gani. Shi ya sa mai kallo ke cewa abin ya fi tsanani a wuraren da aka ɗauka da dare.

Bidiyo mai firem 25, gadon tsarin talabijin na PAL da Nijeriya ta bi da SECAM da Nijar ta bi, yana da tazarar milisakan 40. Gaɓar, wato ninkin 20.83 sau biyu, tana kan milisakan 41.67. Ratar da ke tsakani milisakan 1.67 ce kawai. Mai firem 30 kuwa ratarsa 8.33 ce, ninki biyar. Wannan ya bayyana abin da ke ɗaure wa masu gyara kai: kwamfuta ɗaya, burauza ɗaya, bidiyon da aka ɗauka da waya a firem 30 ya tafi lami lafiya, fim ko shirin talabijin ya yi ta ƙiftawa. Da burauza ce mai laifi, da duka biyun sun nuna alamar.

Linzamin kwamfuta ma yana ƙara tsananta lamarin. A wasu tsare-tsare, musamman a Linux, motsa shi yana sa a nemi sabon firem nan take, allo ya haura zuwa 144 Hz, ya sake faɗowa da zarar hannu ya tsaya. Wannan tsalle ya fi na LFC nisa.

Abin da lissafin ya nuna a yi shi ne a raba burauza da VRR kai tsaye, a bar mata katin. A saitin NVIDIA a zaɓi G-Sync ga cikakken allo kaɗai, a kuma ba wa burauzar saurin sabuntawa tsayayye a jerin manhajoji. A KDE Plasma na Linux a guji zaɓin da ke kunna Adaptive Sync a kowane lokaci. Daga nan a zaɓi saurin da firem zai raba daidai: 120 Hz ya dace da 24 da 30 da 60, 100 Hz ya dace da 25 da 50. Shi 144 da ake alfahari da shi, a cikin waɗannan 24 kaɗai ya yi wa daidai.

5.0 Iyakokin Binciken

Lissafin ya tsaya a kan zango ɗaya. Allon da ke sauka zuwa 40 Hz gaɓarsa za ta matsa, fim mai firem 24 ya sami sarari. Wasu direbobi suna fara ninkawa tun kafin a kai ƙarshen zango, kuma allunan da ke ɗauke da na'urar G-Sync a cikinsu su ke maimaita firem da kansu. Waɗannan suna sauya wurin da gaɓar take ne kawai. VESA ma da ta fito da tambarin MediaSync a 2022, sai da ta sanya 23.976 da 24 da 25 cikin saurin da dole allo ya ci gwajinsu kafin a ba shi shaida.